Zazzaɓin da Ɗangana Wanzami Ya Nema

Shekara ashirin da biyu Ɗangana Wanzami yana yi mini aski, sau ɗaya tak ya taɓa yanka ni, shi ma ni na jawo, atishawa ce ta kufce mini. Duk Juma'a da hantsi nakan same shi a gindin wani dogon-yaro da ke bayan kasuwar Tawa, ya shimfiɗa buzunsa, zabira a dama, butar ruwa a hagu. Gajere ne, baƙi, mai ƙananan hannuwa, ga tsiya a baki. Ni kuwa Mansur sunana, mutumin Maraɗi, aikin gwajin jini ya kawo ni nan ƙasar Adar, a ɗakin da muke kira labo na wani ƙaramin gidan likita. Kullum na zauna gabansa sai ya ce ga abokin sana'a ya iso, wai duk da jinin mutane muke cin abinci, shi da ƙaho ni da allura, bambancin kawai shi ana yi masa godiya. In na ce ya zo in ɗebi nasa jinin in duba, sai ya ja hannun rigarsa ya rufe. Da ma an ce wanzami ba ya son jarfa.

Mutumin Kalfu ne, wanzanci kuma gadonsa ne tun kaka da kakanni. Fari da yunwar shekarar saba'in da huɗu ne suka koro shi birni, shi da matarsa Delu da ɗiya ɗaya ƴar shekara bakwai, Hajara. Maza biyu da suka biyo bayanta ƙyanda ta ɗauke su a mako guda, a Kalfu aka baro su, daga nan Delu ba ta sake haihuwa mai tsayawa ba. Hajara ita ce ta fari, ita ce kuma auta. Da yake ƴar fari ce, kunya ba ta bar shi ya kira sunanta ba, balle ya zauna hira da ita. "Yarinyar can" yake cewa, har ta yi aure, har ta haifi biyu. Amma duk Lahadi in kasuwa ta ci, sai ya sayi tsire ko ƴar albasa ya miƙa wa Delu, ya ce a kai gidan can, yana kallon wani wuri daban.

Abin da nake so a riƙe game da shi, mutum ne mai tsabtar aiki. Lokacin da aka fara tara wanzamai ana yi musu bayanin cutar sida, wato ƙanjamau, da yawansu goron taron kawai suka ci suka watse. Shi ya je ya sayi ƴar tukunya da murhun gawayi, ya riƙa dafa askarsa da ƴan tsagarsa bayan kowane kai. Abokan sana'a suka sa masa suna mai miyar aska, bai ko ɗaga ido ya dube su ba. In aka gaya masa abu ya kama hankalinsa, to ya riƙe ke nan, zai bi shi daki-daki ba ragi ba ƙari. Na sha yabon wannan hali nasa a gaban mutane.

A shekarar casa'in da uku aka turo mana Likita Abdulaziz. Lokacin dimokuraɗiyya tana ɗanya shakaf, jam'iyyu sun kusa fin rumfunan kasuwa yawa, kowace da lasifikarta, mu kuwa a gidan likita yau yajin aiki, gobe babu auduga. Shi mutumin yamma ne, na bakin kogi, Zabarmanci da Faransanci yake ji, Hausarsa ba ta wuce ta sayen goro ba. Shekara goma sha ɗaya ya yi a Faransa yana karatun fararen ƙwayoyin jini, musamman wasu da ake yi wa laƙabi da harafin T. Tambaya ɗaya ce ta hana shi sakat: jikin da ke yaƙar ƙyanda har ya ci nasara, me ya sa yake naɗe hannu in ciwon daji ya kama shi? Ya ce cikin ƙwayoyin nan akwai masu kai hari, akwai kuma abin da ke tsawatar musu don kada su afka wa jikin kansa, ciwon daji kuwa da wannan tsawatarwar yake fakewa. Mun yi masa dariya a bayan ido. Ba mu da ko safar hannu, shi yana tara jinin masu ciwon daji a firigo, wato firji mai aiki da kananzir, yana jiran motar da za ta kai Yamai. Amma ni nake zuƙo masa jinin, ni nake shafa shi a gilashi in ƙirga ƙwayoyin a madubin likita mai ƙara girman abu, sannu a hankali tambayar tasa ta shige ni.

Cikin waɗanda muka ɗebi jininsu akwai wani makiyayi daga Barmu, Alhusaini, mai ƙullutu a cinya kamar ƙaramar ƙwarya. An yanki tsoka an aika Yamai, amsa ta dawo cewa ciwon daji ne, kuma ya yi nisa. Likita ya ba shi maganin rage zafi ya sallame shi, mu a tsakaninmu mun riga mun yi masa addu'a. Bayan wata bakwai, wata Lahadi, sai ga mutumin nan a kasuwar dabbobi a kan ƙafafunsa yana cinikin rago. Na ja shi gefe ya nuna mini cinyar. Tabo ne kawai, ƙullutu babu. Ya ce ai da muka sallame shi wurin Ɗangana ya wuce, wanda ya yi zaton ruwa ne ya taru, ya gasa ƙarfe ya yi masa sakiya. Ruwa bai fito ba. Ya koma ruga, matan gida suka yi ta liƙa wa mikin ɗanyen kashin shanu, ƙafa ta kumbura, zazzaɓi ya kwantar da shi kwana tara har an fuskantar da shi alƙibla. Rana ta goma ya nemi fura. Daga nan ƙullutun ya yi ta motsewa har ya ɓace.

Ban taɓa ganin likita cikin irin wannan hali ba, kwana uku bai ci abincin kirki ba. Ya ɗebi jinin Alhusaini har sai da mutumin ya tambaya ko sayarwa ake yi. Sannan ya ce in kira masa wanzamin. Ɗangana ya ƙi shiga biron likita, wato ofishinsa, a baranda muka zauna, su biyu da ni a tsakiya ina tafinta. Likita ya yi bayaninsa da Faransanci, ni na juya shi, kuma in faɗi gaskiya na ji daɗin bakina ranar. Na ce jiki gida ne, yana da masu gadi a cikin jini. In ɓarawo ya shigo daga waje sai su tashi su far masa. Ciwon daji kuwa ɗan gida ne da ya lalace, in masu gadi suka yunƙura sai babbansu ya ce a ƙyale shi, namu ne. To shi Alhusaini, ƙazantar da ta shiga mikinsa ita ta zama ɓarawon waje, masu gadi suka tashi a fusace, cikin hargitsin suka haɗa har da ɗan gidan. Ɗangana ya saurara kansa a ƙasa, ya sa na maimaita wurin babban masu gadi har sau biyu.

Sai likita ya ɗaga yatsa ya ƙara magana, a hankali, don kada in tsallake komai. Ya ce in gaya masa wannan abu cikin dubbai ake samun ɗaya. Ya ce an taɓa gwada shi da gangan a ƙasar Turawa shekaru ɗari da suka wuce, wasu sun tashi, wasu zazzaɓin ya riga ciwon kashe su. Ya ce in gaya masa ƙiris ya rage ƙarfensa ya zama ajalin Alhusaini, kada ya kuskura ya sake huda irin wannan ƙullutu.

Na dubi Ɗangana. Dattijo ne sa'an mahaifina, ga masu jiran magani sun kasa kunne, shi kuma ya sa rigar Juma'arsa ya zo kamar wanda za a yaba wa. Yaya zan buɗe baki a gaban jama'a in ce wa mai sana'ar gado ƙarfenka ya kusa kisan kai? A inda na tashi ba a yin haka, kara ake yi. Sai na ce likita ya ce Allah ne ya yi ikonsa, a dai riƙa kula. Likita ya dube ni, don ya ga doguwar maganarsa ta koma ƴar guntuwa. Na ce masa Hausa ba ta son jan zance. Ya yarda, Ɗangana ya yi godiya ya tafi.

A farkon casa'in da huɗu aka karya darajar kuɗin sefa, farashin magani ya yi tashin gwauron zabo, kantin magani ya zama wurin kallo. Cikin bazarar shekarar ne Delu ta rako Hajara wurinmu, da wani abu a bayan kafaɗarta ta hagu, tauri kamar goruba. Shekarunta ashirin da bakwai, mijinta yana ci-rani a Abijan, rabonsa da gida damina biyu. Mace ce mai dariya, ƙosai take soyawa a ƙofar gida, kuma ta gaji bakin ubanta, don sai da ta ce in soka allurar a hankali kada in zubar da mutuncin masu cin jini. Aka yanki tsoka aka aika. Wata biyu amsar ta yi a hanya saboda yajin aiki, kafin ta iso abin ya ninka. Likita ya karanta takardar ya ajiye. Ciwon ya riga ya kama ƙashi, wuƙa ba za ta iya ba, na'urar da ake ƙona shi da ita babu ita a ƙasar, maganin da ake ɗurawa kuwa ko a Yamai sai wane da wane. Maganin rage zafi ya rubuta, irin wanda ya ba Alhusaini.

Juma'ar da ta biyo na zauna gaban Ɗangana, ya jiƙa mini kai, bai yi mini tsiyar da ya saba ba. Sai da ya kusa gamawa ya tambaye ni, ba tare da ya dube ni ba, ko na yarinyar can irin na mutumin Barmu ne. Na ce danginsu ɗaya. Ya ce to. Da ina da hankali da a nan na farga. Ni tausayinsa kawai na ji, na tashi na kaɗe rigata na tafi masallaci.

Juma'a biyu ban same shi a gindin itacen ba, aka ce ya yi ƙauye. Daga baya na ji inda ya je. Barmu ya tafi, ya bi Alhusaini har rugarsa, ya zauna da matan gidan yana tambaya kamar mai ɗaukar karatu: da wane lokaci suke liƙa kashin, na safe ne ko wanda ya kwana, sau nawa a yini, a rana ta nawa zazzaɓi ya fara, me suka ba shi ya sha. Ya dawo da kashin garken nan cikin ƙwarya an rufe da faifai. Ya ɗauko ɗiyarsa daga ɗakin mijinta ya kawo ta gidansa. Delu ta ce ta bayan zana ya yi wa Hajara magana, ya faɗa mata abin da yake nufin yi, bai kuma ɓoye mata cewa za ta sha wuya ba. Hajara ta ce abin da Baba ya gani shi ne daidai. Mutumin da ke dafa aska bayan kowane kai, shi ya huda kafaɗar ɗiyarsa da ƙarfe, ya cusa ƙazanta a ciki da hannunsa, safe da yamma, yadda aka kwatanta masa.

Ranar kwana na bakwai da hantsi Delu ta faɗo labo ko sallama babu. Likita yana Yamai, ya kai jinin da ya tara kafin firigo ya ƙarasa mutuwa. Ta ce in zo, mai gidan ya hana a kawo Hajara, wai sai ta cika kwana tara. Na kwashi allura da kwalaben penisilin huɗu da na ɓoye saboda ɓacin rana, muka tafi. Tun daga zaure na ji warin. Ɗangana yana zaune a bakin ƙofar ɗakin ya tare ta da jikinsa, a gabansa ya jera tsakuwa bakwai. Ta bisa kafaɗarsa na hango Hajara kwance rub da ciki, kumburin ya sauko har gwiwar hannu, fatar ta yi baƙi-baƙi, tana magana da mutanen da ba su nan.

"Baba, ba ni hanya in yi mata allura," na ce.

"Allurarka kashe ɓarawon za ta yi," in ji shi. "In ya mutu yanzu, masu gadi su koma kwana. Kai kac ce hakanan. Kwana biyu ɗai sunka rage, Mansuru."

Muryarsa ba ta rawa, amma idanunsa sun faɗa, ya rame kamar shi ne marar lafiyar. Ya fahimci bayanina sarai, babu inda ya kuskure. Abin da na ba shi da shi ya yi aiki. Na durƙusa a gabansa da jakata a hannu, na gaya masa sauran maganar da na haɗiye a baranda: ɗaya cikin dubbai, da waɗanda zazzaɓin ya kashe, da ƙarfensa da ya kusa halaka Alhusaini, da cewa kada ya sake. Na faɗa masa duka yadda likita ya faɗa, bayan kusan shekara guda.

Ya ɗago kai ya dube ni.

"Likita ya hwaɗi wanga duka?"

"Ya faɗa."

"Mi yah hana ka hwaɗa mani?"

"Kunyarka na ji, Baba."

Bai zage ni ba, da ya zage ni da na ji sauƙi. Ya tsince tsakuwoyinsa ɗaya bayan ɗaya ya zuba a aljihu, ya matsa gefe. Na yi mata allura, na wanke mikin, na ɗebi jininta, muka ɗora ta a amalanken jaki zuwa gidan likita. Guba ta riga ta bi jini. Washegari bayan azahar ta cika, a kwana na takwas.

Matan da suka yi mata wanka su suka ƙara masa wani nauyin. Ɗaya daga cikinsu ta ce ƙullutun ya yi laushi, kamar ma ya ragu, maganar ta zaga har ta iso kunnensa. Wataƙila ruɓewa ce kawai, wataƙila ba ita ba ce, babu wanda ya auna. Daga ranar Ɗangana ya shiga tsakanin abu biyu: ko ƙarfensa ne ya kashe ta, ko kuwa tashin da ya yi daga bakin ƙofa saura kwana biyu. Bayan sadakar bakwai ya zo labo, karo na farko da ya taka cikin ɗakin, ya ce in nuna masa jininta. Na ɗora gilashin a madubi, na koya masa rufe ido ɗaya. Fararen ƙwayoyi sun cika wurin maƙil. Ya tambaya ko su ne masu gadin, ko sun tashi ke nan, ya ƙara da cewa kada in yi masa kunya. Bakina ya so ya ce e, ko ya sami abin riƙewa. Na ce masa waɗannan masu tashi saboda mugunya ne, kowane miki ya ruɓe haka suke yi. Waɗanda likita ke nufi kuwa wannan madubi ba ya iya rarrabe su, ban sani ba ko sun tashi. Ya ce madalla, ya fita ya sa takalmansa.

Da likita ya dawo na faɗa masa komai. Ya zauna ya riƙe kai, ya ce laifinsa ne, kusan shekara biyu a Adar bai koyi harshen mutanen da yake ɗibar jininsu ba. Ban bar masa wannan ba, wanda ya ɗebo da zafi bakinsa. Jinin da ya kai Yamai ma zafin hanya ya lalata rabinsa, har da na Alhusaini, don haka ba a taɓa sanin abin da ya faru a jikin makiyayin ba. A ƙarshen casa'in da biyar ya koma Faransa. Mijin Hajara kuwa tun bayan sadakar arba'in ya zo, ya kwashi yaran ya kai wa uwarsa a ƙauyen Bambay, bai ko leƙa gidan surukinsa ba.

Ɗangana ya bar sakiya, ya bar ƙaho, ya bar kaciya, aski kaɗai ya riƙe. Labari ya bazu, aka daina kiransa gidajen suna, masu yi masa dariyar tukunya suka sami abin faɗi. Abin da suke faɗi rabi ne, sauran rabin yana wurina, na kuma gaya wa duk wanda ya tsaya ya saurare ni, amma mutane sun fi son labarin wanzami. Na yi tunanin canza wurin aski, na ga in na yi haka na ƙara wata ƙaryar. Duk Juma'a ina miƙa masa kaina, yana dafa askarsa kamar da, ya aske ni tas, babu tsiya babu hira. Ina baƙin cikin abin da na yi har yau, ban kuma ga alamar zai ragu ba.

Cikin casa'in da shida wasiƙar likita ta iso. Ya rubuta cewa wasu masu bincike a Amurka sun sami hanyar toshe abin da ke tsawatar wa ƙwayoyin nan, sun gwada a kan ɓeraye masu ciwon daji, ƙullutun ya narke. Ya ce kafin abin ya iso ga mutane za a daɗe, kafin ya iso Tawa kuwa Allah kaɗai ya sani. A ƙasa ya ce in gaishe da wanzami. Na tafi da ita gindin dogon-yaro, na juya masa ita tun daga gaisuwa har sa hannu, ban rage komai ba. Ya tsaya da aska a hannu yana saurare.

"Su ɓerayen, kwana nawa sunka yi?"

Na sake duba takardar gaba da baya, na ce ba a rubuta ba.

"Hajara takwas tay yi," in ji shi.

Ranar na fara jin sunanta a bakinsa. Ya sa yatsa biyu ya juya kaina wajen hagu, ya ci gaba da askin.